Ruwan gidanka ya koma kalar shayi: alif, gawayi, kulorin, rezin ko RO, wanne ya dace da kai?

Jama'a barkanmu da war haka. Wannan rubutun na yi shi ne saboda mutumin da ruwan rijiyarsa ko na tankinsa ke fitowa kamar shayin da ba a sa wa madara ba, ya tace da ƙyalle bai canza ba, ya tafasa sai ma ƙara duhu ya yi, uwargida ta wanke farin kaya sun fito kamar an jiƙa su a ruwan goro, sannan kowa na ba shi shawara daban, filamba ya ce sai filta, maƙwabci ya ce sa alif, wani ya ce kawai ka haƙa bohol ka huta. Na zauna a wani gida a bakin fadama na ga wannan abin da idona damina bayan damina, kuma na kashe kuɗi a kan filtar da ba ta yi min komai ba, shi ya sa abin ke damuna in na ga wani zai bi hanyar.

Abin da ke rina ruwan shi ake kira tanin, kuma ba baƙo ba ne a wajenmu ko da ba mu san sunan ba. Shi ne baurin da kake ji in ka tauna goro, shi ne kalar shayi, shi ne kuma abin da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jeme fata da shi tun kaka da kakanni. Ganye, ɓawon itace, saiwa, ciyawa, duk in suka ruɓe a ruwa ko ruwa ya ratsa ta cikinsu sai su sake shi tare da 'yan uwansa na ruɓaɓɓen tsiro. Shi ya sa ake yawan ganinsa a rijiyar da ba ta da zurfi a fadama, da tafki, da ruwan da ke kwance cikin ciyawa irin na dausayin Haɗeja zuwa Nguru, da tankin ruwan sama wanda ganyen mangwaro ko darbejiya ya cika masa indararo. 'Yan uwanmu mazauna kudu, wajen Neja Dalta da bakin ruwan Legas, su ma suna fama da shi, sau da yawa haɗe da ƙarfe. A Brazil akwai kogi guda, Rio Negro, da ya samo sunansa daga baƙin da wannan abin ya sa ruwansa ya yi.

Shi kansa tanin ɗin a yawan da ake samu a ruwan gida ba guba ba ne, ai kullum muna shan wanda ya fi shi a kofin shayi. Abin tsoron shi ne saƙon da yake kawowa: in rijiyarka na canza kala bayan an yi ruwan sama, to ruwan saman ƙasa na shiga cikinta, kuma hanyar da ruwan ganye ya bi ita ce ruwan masai da kashin dabbobi zai bi. Wannan ya fi kalar damuna nesa ba kusa ba.

Kafin ka sayi komai, tabbatar tanin ne

A arewa mafi yawan jan ruwa ba tanin ba ne, ƙarfe ne ko laka, kuma maganinsu daban. Ka samu kofin gilashi mai haske ka cika shi ka ajiye ya kwana ba tare da an taɓa ba. In da safe ka ga kalar ta kwanta a ƙasa sama ya washe, to laka ce ko tsatsar ƙarfe. In ruwan ya fito fari tas daga bohol sai daga baya ya yi ja, wannan ƙarfe ne ya haɗu da iska. Amma in ya kwana kalarsa na nan daga sama har ƙasa, kana hango hannunka ta cikinsa amma dai rawaya ne, to tanin ake zargi. Sai dai gwajin na iya ruɗinka a wuri ɗaya, tanin na kama ƙarfe ya riƙe shi ya hana shi kwanciya, irin haɗuwar da dukawa suka sani in suka shafa kuloko a jemammiyar fata ta koma baƙa. Dan haka in za ka kashe kuɗi mai yawa, ka kai ruwan ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a a duba maka kala, ƙarfe, nauyin ruwa (wato abin da ke hana sabulu kumfa), pH (ma'aunin tsamin ruwa) da ƙwayoyin cuta. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar kala a 15, ƙarfe miligiram 0.3 a lita, pH kuma tsakanin 6.5 da 8.5, da waɗannan za ka gwada sakamakonka.

Abin da zan auna kowace hanya da shi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin saye kaɗai ba har da wanda za ka riƙa kashewa duk wata, nan ne mutane ke faɗawa rami. Sai ƙarko, wato tsawon lokacin da abin zai yi yana aiki kafin a canza wani abu a jikinsa. Sai sauƙi, yana buƙatar wuta? yana buƙatar ƙarfin ruwa a famfo? in maigida ya yi tafiya mutanen gida za su iya? Sai haɗari. Akwai kuma tambayar da nake ganin ta fi duka, lita nawa kake son gyarawa a rana, domin ruwan sha da girki na gida kaɗan ne in ka gwada da na wanka da wanki da banɗaki, kuma hanyar da ta dace da jarka biyu ba ita ta dace da tanki ba.

Bari in fara cire waɗanda ba sa yi. Tafasawa na kashe ƙwayar cuta amma ba ta cire kala. Ƙyalle, farin katirij na tare yashi da ake sa wa a cikin filta, da filtar kyandir ta tangaran, dukkansu datti mai jiki suke tarewa, shi kuwa tanin narkewa ya yi kamar sukari a shayi, wucewa yake abinsa. Farin katirij ɗin nan shi aka sayar min a wancan gidan. Fitilar UV ma ba ta cire shi, hasali ma kalar na tare haskenta ta rage mata ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta.

Toshe hanyar shigowarsa

Wannan ita ce hanyar da babu mai tallata ta saboda babu abin sayarwa. In rijiya ce, a yashe ta a kwashe ganye da saiwar da suka ruɓe a ciki, a ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti mai gangara waje, a liƙe mahaɗar zoben simintin da ke sama, a sa murfi, a sassabe reshen da ke kanta. A duba nisan masai, shawarar da aka saba bayarwa mita 30 ne. In tankin ruwan sama ne abin ya fi sauƙi, a share kwano da indararo kafin damina, a sa raga, a bar ruwan farko na kowane ruwan sama ya zube kafin a juya bututu zuwa tanki, a wanke tankin. Kuɗin sau ɗaya ne, siminti da lebura, kuma yana shekaru. Babu haɗari sai na shiga rijiya, kar a tura mutum shi kaɗai kuma kar a kunna injin fetur a ciki, hayaƙinsa na kashe mutum. Iyakarta ita ce in ƙasar wurin ce da kanta ke da ruɓaɓɓen tsiro, kamar tsakiyar fadama, kalar za ta ragu ne kawai ba za ta ɓace ba. Bohol mai zurfi da aka liƙe samansa da kyau yakan tsallake matsalar, amma shi ne mafi tsada a wannan layin kuma yana iya fito maka da ƙarfe.

Alif

Nan zan daɗe saboda shi ne abin da talaka zai iya yau ɗin nan, kuma shi manyan matatun ruwa na birane ke amfani da shi. Alif na tattara abin da ke yawo a ruwa ya mai da shi gudaji-gudaji ya kwanta, kuma yana jan kaso mai kyau na kalar tanin, musamman in ruwan na da ɗan tsami, pH wajen 5.5 zuwa 6.5. Matsalarmu da shi ita ce ba ma aunawa, sai a jefa dunƙule a randa a bar shi, ruwa ya yi tsami da bauri a ce alif ba shi da kyau, alhali yawa aka sa. Ga yadda za ka gano ma'aunin ruwanka: narkar da giram 10 na alif a lita ɗaya, ka samu sirinji a kemis, ka jera robobin lita ɗaya guda huɗu na ruwan rijiyar, ka sa mil 2 a ta farko, 4 a ta biyu, 6, sai 8, ka girgiza da ƙarfi minti ɗaya sannan ka juya a hankali na wasu mintuna ka ajiye awa ɗaya. Wadda ta washe da mafi ƙarancin alif ita ce ma'auninka, sai ka ninka da yawan litar jarkarka. Za ka yi mamaki, a jarka mai lita 20 yawanci bai kai giram biyu ba, ko rabin ƙaramin cokali bai kai ba. In damina ta yi nisa kala ta ƙaru sai a sake gwajin.

Arha kam babu kamarsa, kuma ba ya lalacewa in an ajiye shi a busasshen wuri, ba ruwansa da wuta. Amma aiki ne na kullum, a juya, a jira, a tsiyaye saman a hankali, a zubar da na ƙasa nesa da rijiya. Haɗarinsa biyu ne, yawansa na bar alminiyam a ruwa, iyakar da ma'aunin ƙasa ya sa miligiram 0.2 ne a lita, mai ciwon ƙoda ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan, na biyu kuma ruwan da ya washe na sa mutum ya saki jiki alhali alif ba ya kashe ƙwayar cuta, rage ta kawai yake.

Wasu za su ce ƙwayar zogale fa? Tana aiki sosai a ruwa mai laka, matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna kwantar da ruwan Nilu da ita, amma a narkakkiyar kala ba ta kai alif ba, kuma ita kanta tsiro ce, in ruwan ya kwana biyu sai ya fara wari.

Gawayi

Ba gawayin girki nake nufi ba, wannan ɗan kaɗan yake ja. Akwai wanda aka sarrafa shi musamman ya zama duk ramuka ƙanana, shi ne baƙin katirij ɗin da ake sa wa a filta mai inci 10, ko a cika doguwar tukunya da shi. Yana gyara ɗanɗano da wari sosai, yana cire kulorin, yana rage kala in ba ta da yawa. Sai dai tanin manyan ƙwayoyi ne, suna toshe ramukan da wuri, katirij ɗin da zai yi watanni a ruwan famfo sai ka ga cikin 'yan makonni kala ta dawo a ruwan fadama. Kuɗin farko kaɗan ne, na canji ne ke ci a hankali. Sai an bar ruwa ya bi ta ciki a hankali yake aiki, in ka buɗe famfo da ƙarfi wucewa kawai zai yi. Haɗarin shi ne tsohon katirij da aka manta, ƙwayoyin cuta na hayayyafa a cikinsa. Ni a ganina gawayi mataimaki ne, a sa shi bayan alif ko bayan kulorin, shi kaɗai ba ya ɗaukar ruwa mai duhu.

Kulorin

Yana kashe kalar kamar yadda bilic ke yi wa tufafi, yana kashe ƙwayar cuta, ga arha, WaterGuard da Aquatabs duk shi ne. Amma akwai abu biyu da ya kamata a sani. Tanin na cinye kulorin, dan haka ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba na iya ƙarewa wajen faɗa da kala bai bar komai na kashe cuta ba, alhali ana so bayan minti 30 a samu ragowar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, wato ka ji ɗan warinsa kaɗan. Na biyu, in kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen tsiro yana haifar da wasu sinadarai irin su kulorofom, Johannes Rook ne ya gano haka a ruwan Rotterdam ta ƙasar Holan a 1974, kuma shan su shekara da shekaru ba alheri ba ne. Kar wannan ya sa wani ya daina sa kulorin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a sassauta kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoron waɗannan sinadaran, kwalara da taifod a kwanaki suke kwantar da yaro. Abin yi shi ne a gyara jerin, a cire kala tukuna da alif sannan a sa kulorin a ruwan da ya washe, ba akasin haka ba.

Tukunyar rezin

Wannan ita aka ƙera musamman domin tanin, a Amurka da Kanada masu rijiyar gida ita suka fi sawa. Doguwar tukunya ce cike da ƙananan duwatsun roba masu kama tanin su saki gishiri kaɗan a madadinsa, gefenta akwai tankin ruwan gishiri da ke wanke su duk kwana biyu zuwa uku. In ta samu yadda take so, duk famfon gidan fari tas yake fitowa, wanki da tayil da komai sun huta, kuma rezin ɗin na shekaru. Amma tana da sharuɗɗa. Ƙarfe na kashe ta, sai an cire shi kafin ruwa ya iso. In ruwan na da nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, sama da miligiram 170 a lita, sai an sa wata tukunyar ta laushin ruwa a gabanta. Kan tukunyar na buƙatar wuta da ƙarfin ruwa, kuma tankin sama ba ya wadatarwa, duk tsawon mita 10 ne ke ba da bar ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, tankin da ke kan ƙarfe mita 5 rabi kawai yake bayarwa, ita kuwa tana son wajen biyu, dole a ƙara famfon turawa. Tana iya sa ruwa ya ɗan yi tsami ya riƙa cin bututun ƙarfe, wani lokacin kuma ya yi ƙarni kamar kifi. Ga gishiri buhu-buhu, ga ruwan gishirin da take zubarwa wanda bai kamata ya bi ta lambu ko kusa da rijiya ba. Kayan waje ne, dala ke yanka farashinsa, kuma rezin iri-iri ne, na laushin ruwa ba ya kama tanin, ka tabbatar abin da za a zuba maka. Ba ta kashe ƙwayar cuta.

RO

Irin na'urar da masu fiya wata da yawa ke amfani da ita ce, akwai ƙarama ta ƙarƙashin sinkin kicin. Tana tura ruwa ta wata siririyar fata da kusan babu abin da ke wucewa sai ruwan, tanin, gishiri, zartsi duk suna tsayawa. A ingancin ruwan sha ta fi duk na sama. Amma a hankali take ɗiga, na sha da girki kawai za ta ba ka, ƙaramar kuma kan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ta ba ka ɗaya, sai ka tara wannan a bokiti domin banɗaki da shara. Tana son ƙarfin ruwa wajen bar uku, dan haka ka sayi mai famfo a jiki, ga wuta kenan ko sola. Tanin na liƙe wa fatar ya rage mata kwana, in ba ka canza katirij ɗin gabanta a kan lokaci ba za ka canza fatar da wuri, ita ce kuma mai tsadar.

| Hanya | Kuɗin farko | Kuɗin kullum | Ƙarko | Wuta | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyaran rijiya ko tanki | matsakaici | kusan babu | shekaru | a'a | ba ya isa a tsakiyar fadama |
| Alif | kaɗan ƙwarai | kaɗan | aikin kullum ne | a'a | yawan sawa, ba ya kashe cuta |
| Gawayi | kaɗan | yana taruwa | makonni zuwa watanni | a'a | tsohon katirij |
| Kulorin | kaɗan | kaɗan | aikin kullum ne | a'a | sa shi a ruwa mai duhu |
| Rezin | mai yawa | gishiri da wuta | shekaru in babu ƙarfe | eh | ƙarfe, tsami, ƙarni |
| RO | matsakaici zuwa sama | katirij da fata | gwargwadon kula | eh | toshewa, asarar ruwa |

To wa zai ɗauki wanne

In ruwan sama kake tarawa, kar ka sayi komai tukuna, hau ka share kwano da indararo ka wanke tanki, sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. In rijiyarka da damina kaɗai take canza kala, gyaran baki da murfi ne naka, kuma kafin a gama gyaran duk ruwan sha a sa masa kulorin ko a tafasa, musamman in akwai ƙananan yara.

Ɗan haya da mai ɗibar ruwa a tafki ko wajen 'yan garuwa, alif da ma'auni, a tsiyaye, sannan kulorin, in da hali a bi da shi ta gawayi saboda ɗanɗano. Randa biyu ko bokiti biyu masu murfi sun isa, ɗaya na kwantarwa ɗaya na sha, kuma ranar tashi ka ɗauki kayanka.

Mai gidan kansa da ke da sola ko tsayayyiyar wuta, wanda abin da ke damunsa ruwan sha ne, RO a kicin, sauran gidan a bar shi da ruwan yadda yake, wanka da ruwa mai ɗan kala ba ya cutarwa. Ranar wankin fararen kaya a kwantar da durom ɗaya da alif tun dare.

Rezin kuwa na bar wa wanda dole sai duk famfo ya fito fari, mai masaukin baƙi, mai shagon wanki da guga, ƙaramin asibiti, ko babban gida mai tayil da injin wanki, shi ma bayan sakamakon gwaji na hannunsa kuma akwai mai gyara a garin da zai iya zuwa in kan tukunyar ya tsaya. In gwajin ya nuna ƙarfe ya haura 0.3, a fara da shi, a bar ruwa ya sha iska a tanki ya kwanta a tace da yashi, sannan a sake cika kofin gilashin nan a ga kalar da ta rage.